Filin Kawu

Shekarar da aka zo tsara unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan ina amarya, muna cushe a ɗaki ɗaya cikin gidan surukaina. Ma'aikatan safiyo suka zo da igiya da turaku, suka ce za a fitar da tituna, a jawo famfo, a ba kowane magidanci fili. Murna muka yi sosai.

A bayan gidanmu akwai wani dattijo ɗan daudu da duk unguwa ke kira Kawu. Abinci yake dafa wa 'yan ƙwadago masu tafiya yankan riɗi a Fashaga. Tun kafin a haife ni yake zaune tare da wani tela, mutum marar yawan magana. Kowa ya san zamansu, ba mai ta da zancen. In biki ya tashi, Kawu ake kira ya tsaya kan tukwane. A hannunsa na koyi zuba kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, ba tare da ta yage ba.

Da lajna ta zauna, wato kwamitin rabon, sai aka ce mai mata kaɗai za a ba. Kawu da tela aka ɗauke su gwauraye biyu. Kawu ya je ya same su, ya ce, "Mu ma gida ne. Tukunyarmu ɗaya." Aka yi dariya, wani ya ce ya je ya yi aure ya dawo.

Filin da ya faɗo mana shi ne inda bukkokinsu da rumfar girkin suke.

Na ce wa maigidana, "Malam, wurin Kawu ne fa."

Ya ce, "In mun ƙi, wani za a ba. Ba su za a mayar wa ba."

Na bar maganar. Ina da ciki, kuma ina son in ga kaina a tsakar gidana.

Ranar da za su tashi, na laɓe a bayan danga ina kallo ana ɗaure keken ɗinki a kan amalanken jaki. Ashe Kawu ya gan ni. Ya matso ya ce, "'Yata, kusurwar gabas ruwa na kwanciya da damina. Ku cika ta da ƙasa kafin ku gina." Na kasa ɗaga kai, balle in ce Allah Ya kiyaye hanya.

Bayan shekaru, muna hanyar Kasala, motarmu ta tsaya a Showak. Na ga Kawu gefen tasha, gaban murhu, ya rame. Tela ya rasu, in ji shi, bara waccan. Haya suka yi ta yi, ana tashinsu daga nan zuwa can.

Ya zuba mini kisra da miyar kuɓewa, ya tambayi lafiyar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Famfon ya iso kuwa?"

Na ce ya iso, har cikin gida.

Ya ce, "Madalla. Ki ci, direbanku ba ya jira."

Na tsakura loma biyu, na koma mota.