Kwikwiyon Saman Bene da Yashin Wanki

Maigidana ne ya shigo da shi cikin kwali, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ɗan kwikwiyo ne ja, kunnuwansa sun fi kansa girma. Ya ce wani makiyayi ne ya ba shi, don ya riƙa tsaron tumakinsa da ke haushi, wato garken da maigidan nawa yake da shi a bayan gari. Amma ya yi ƙanƙanta, sai ya yi wata biyu a saman benenmu kafin a kai shi. Na ce masa mu da muke Rusaifa, a Makka, kare a gida? Ya ce ba gida ba ne, suduh ne, sama ce buɗaɗɗiya, kuma karen kiwo ba laifi ba ne. Ni dai ban iya musu da shi ba.

Saman benen nan mu biyu muke amfani da shi, ni da maƙwabciyata ta ƙasa. Mutuniyar Nijar ce, ta girme ni, mijinta ya rasu tun da daɗewa. Shekara goma sha tara muna shanya a igiya ɗaya. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta ƙarshe, kuma duk Juma'a ina aika mata da kwanon abinci, ta mayar da shi da wani abu a ciki. Mabuɗin saman biyu ne, ɗaya nata, ɗaya nawa.

Na ɗauko tsohon tiren shinkafa, na cika shi da yashi, na ajiye a kusurwa. In kwikwiyon ya ci abinci sai in ɗora shi a kai. Cikin kwana huɗu ya gane kashi, a tire yake yi, har ya tona ya rufe kamar mage. Fitsarin ma yakan ɗan ɗiga a can. Amma babban fitsarinsa, wanda yake tarawa, wuri ɗaya yake kai shi: inuwar tankin ruwa, daidai inda nake shimfiɗa sallayata in yi la'asar.

Na farko na ce kuskure ne. Na wanke wurin sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda malama ta koya mana a nan. Washegari ya koma. Na zauna na zuba masa ido. Zai taso daga tire, ya bi ƙasa da hanci, ya wuce ko'ina na filin nan mai faɗi, ya tsaya a wurin sallata, ya zagaya sau uku, ya tsuguna yana kallona. Na ja tiren zuwa wurin, ya yi a gefensa. Na kifa baho a kai, ya yi a jikin bahon. Na yi masa tsawa har muryata ta dushe.

A nan zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Dabba tana jin abin da mutum ba ya ji, kowa ya san wannan. Me ke wurin sallata da yake jansa? Kuma wa ke hawa saman nan in ba ni ba?

Na fara lura da maƙwabciyata. In ta hau da wankinta, kwikwiyon sai ya ruga gare ta yana kaɗa wutsiya, ni da nake ba shi abinci ba ya yi mini haka. Tana yi masa wani ɗan sauti da harshe, nan take ya kwanta. Rannan da hantsi na hau ban yi motsi ba, na same ta a tsugune a gindin tankin, tana shafa siminti da tafin hannu tana kai wa hanci. Da ta gan ni ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata na bar tukunya a wuta, na sauka da sauri.

Na kira yayata da ke unguwar Tandabawi. Ban ma gama ba ta ce an zuba mini wani abu ne, kuma mai yi maka ba daga nesa yake zuwa ba. Ta tuna mini ranar da matar ta yaba sabon firjina har sau biyu. Ni ma na tuno wasu abubuwan na ƙara. Juma'ar nan ban aika kwano ba. Na sa maigidana ya sauya kwaɗon ƙofar sama, na ce masa tsohon yana cijewa. Ya dube ni, ya je ya sauya.

Kwana biyar ina ganin zannuwanta a rataye a tagarta ta bayan gida, inda rana ba ta kaiwa. Kwikwiyon kuwa bai fasa ba, ko sau ɗaya. Wannan ya ɗan dame ni, amma na ce abin da aka zuba ne ya riga ya kama.

A rana ta shida ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, hannunta babu komai. Ba ta tambayi kwaɗo ba. Ta ce, "Ƙanwata, mu hau ki nuna mini yadda kike wankin nan."

Kunya ta hana ni ƙi. Muka hau, muka tarar kwikwiyon ya yi sabon fitsari. Na ɗebo ruwa na zuba, na je tire na damƙo yashi daga gefen da na ga busasshe ne, na dawo zan goga. Ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kullum daga nan kike ɗiba?"

Na ce to ina zan sami ƙasa a saman bene, duk unguwar kwalta ce da siminti.

Ta ce, "Ke ce kike nuna masa wurin. Kin ɗauko warin makewayinsa kin shafa a wurin sallarki, kullum, da hannunki. Shi kuwa hancinsa yake bi."

Ta ce a garinsu cikin karnukan kiwo ta tashi, warin da ta ji a simintin rannan ke nan, abin da ta so gaya mini ke nan na gudu. Na tsaya da yashi a hannu, ban san inda zan sa idona ba.

Ita ta sauka ta samo ƙasa mai tsabta daga wani gini da ake yi a layinmu. Muka wanke wurin da ita, muka bi da ruwan khal, wannan mai tsamin da muke sawa a salak, muka tare gindin tankin da katako. Kwana uku ya yi yana shinshine-shinshine, daga nan ya koma tirensa gaba ɗaya, har ranar da aka kai shi wurin tumaki.

Da yammar ranar da muka wanke wurin na kai mata sabon mabuɗi da kaina. Ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta ce ai tsohon bai taɓa cije mata ba. Na ce mata haka ne. Ban roƙe ta gafara da baki ba sai bayan sati, ta ce ya wuce.

Kwanon Juma'a ya ci gaba da sauka yana hawowa. Sai dai har yau, in za ta hau shanya, sai ta tsaya a ƙofata ta yi sallama tukuna, ta ce za ta hau. Da can ba ta yi.