Zaman Shirun Yaya Sulemana

Shekara takwas ke nan da aka kai yayana Sulemana makwancinsa a Salaga, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba. Sauran shekarun nakan soya waina a raba wa maƙwabta, a yi masa addu'a, in koma rumfata in ci gaba da sayar da doya. Bana an yi sadakar, an yi addu'ar, amma na kasa zaune na kasa tsaye. Ranar Alhamis mai zuwa 'yarsa Azumi za ta tsaya gaban kwamitin kasuwa ta yi magana da yawunmu, mu mata masu doya. So ake a tashe mu daga inda iyayenmu suka zauna, a mai da mu can bayan kasuwa, inda babbar mota ba ta shiga da damina. In maganarta ta shiga, mun tsira da wurinmu. In ba ta shiga ba, rumfata da ta mata da yawa sun tafi. Abin da ya hana ni sukuni kuwa shi ne, da idona na ga yarinyar nan ta ƙame a gaban mutane.

Ga wanda bai san Yaya ba, dillalin doya ne, dogo, mai ƙarancin dariya a waje, mai yawanta a gida. Gidanmu na tsofaffin fataken goro ne, kuma ba mu gaji komai daga gare su ba kamar baki. Muna da wani kawu wanda in ya fara magana a zaure bayan azahar, sai kiran la'asar ke tashin mutane. Wata rana, Yaya yana saurayi, ya raka shi wani ofis kan maganar fili. Kawu ya gyara riga, ya yi sallama, ya fara kawo bayani. Jami'in yana zaune yana kallon sa, bai ce na'am ba, bai ce a'a ba, ko kai bai gyaɗa ba. Kawu ya yi gaba kaɗan, ya waiwaya, ya sake gaisuwa, ya fara inda-inda, ƙarshe ya ce to shi ke nan, Allah ya ba da haƙuri. Suka fito ba a faɗi abin da ya kai su ba.

Wannan abu ya tsaya wa Yaya a rai har ya mutu. Yakan ce mu mutanen zango, wato unguwar Hausawa, ba mu iya magana mu kaɗai ba, sai da 'yan amshi. Kuma duk wanda ya zauna a cikinmu ya san haka abin yake. Kana magana, wani yana cewa “na'am”, wani “ƙwarai kuwa”, wata tsohuwa can gefe tana “Allah sarki”. A kan wannan muke hawa mu kai ƙarshen zance. Ranar da muka shiga inda ba a amsawa, sai mu ɗauka an ƙi mu ne, ko mun yi wani laifi, sai mu karaya tun ba a ce mana komai ba. Alhali mutumin saurare kawai yake yi, haka aka koya masa.

Shi ya sa ya kafa ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a, ya sa mata suna Zaman Shiru. Garin nan babu irin dariyar da ba a yi masa ba, wai ƙungiyar magana ce ake kira shiru. Ran Lahadi bayan la'asar ake haɗuwa a wani ajin firamare. Mutum ɗaya zai miƙe, a ba shi abin da zai yi magana a kai nan take, ko tsadar taki, ko dalilin da ya sa akuya ta fi tunkiya wayo. Sauran kuwa doka ɗaya ce a kansu: ba na'am, ba gyaɗa kai, ba murmushi, har sai ya gama. Yaya ne ke zama a bencin gaba, ya sha mur kamar wanda aka tasa daga barci. Na ga ƙatti masu loda buhu suna zufa a gabansa. Sai mutum ya dire maganarsa sannan Yaya zai saki fuska, ya fashe da dariya, ya kama hannunsa, ya gaya masa inda ya yi kyau da inda ya yi ta zagaye.

Ni dai sau biyu aka kore ni daga ajin. Bakina ba ya shiru, haka Allah ya yi ni. Wata baiwar Allah tana ba da labarin haihuwarta ta fari, ta zo wurin da abin ya yi tsanani, sai kawai na ji “wayyo, sannu” ya fita daga bakina. Yaya bai ko dube ni ba, ƙofa kawai ya nuna mini da yatsa. Na fita ina masifa, na ce wannan ai rashin imani ne, mutum yana ba da labarin wahalarsa ku zuba masa ido. Da muka koma gida ya ce, “Ramatu, tausayinki ne zai kashe ta ranar da ba kya wurin.” Na ce oho dai, ni ba zan iya ba.

Amma abin ya yi aiki, ko ban so ba sai na yarda. Matar nan da aka kore ni saboda ita, daga baya ita ce ta tsaya a taron iyayen yara ta yi magana har aka gyara rufin aji. Direbobi suka kai labarin ƙungiyar har garin Yendi, wani malamin makaranta ya buɗe irinta a can. Wani mai fataucin shanu, Malam Awudu, da yake sauka a gidanmu in ya zo sayen doya, ya kai ta Bawku.

To, yau ina ƙungiyar take? Ta Salaga tana nan, har ta fi da yawan mutane. Sai dai bayan rasuwar Yaya, waɗanda suka gaje shi mutanen kirki ne, kuma kirkin ne ya ɓata abin. Suka ce ai sababbin shiga suna tsorata, a ɗan sassauta. Aka fara da gyaɗa kai, aka koma “haka ne”, yanzu har tafi ake yi a tsakiyar magana. Sunan Zaman Shiru yana nan, amma in ka wuce ta bakin ajin sai ka ce biki ake. Ta Yendi ta koma cikin waya. Kowa ya shige ɗakinsa ya naɗi murya, in bai yi masa ba ya goge ya sake, sannan ya tura a yi ta aiko masa da yabo. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba zai zagi wayar ba, don shi mai son sabon abu ne. Tambaya kawai zai yi, a gaban kwamiti ina wurin gogewa yake?

A wannan sassautacciyar ƙungiyar Azumi ta tashi. Ta yi karatu, ta iya Hausa, ta iya Gonjanci, yaren mutanen garin nan, da Turanci, in tana magana a aji sai ka ji daɗi har cikin ranka. Shi ya sa mata suka zaɓe ta. Watannin baya muka je Yendi taron 'yan kasuwa, aka ba ta dama ta yi bayani gaban wasu manya da suka zo daga birni. Ta fara lafiya lau. Mutanen suka zuba mata ido, ɗaya ma yana latsa waya. Sai na ga tana neman fuskar da za ta amsa mata, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ba ta samu ba. Ta maimaita abin da ta riga ta faɗa, ta yi godiya, ta zauna. Ina can baya ina kallo, kawunmu na gani sak, sai dai wannan da mayafi.

Ban yi shawara da kowa ba na hau mota zuwa Bawku, don na ji an ce Malam Awudu ne kaɗai bai taɓa sassauta dokar ba. Na so in ɗauko shi ya zo ya zauna wa Azumi. Na same shi ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Ya ce su ma sun daɗe ba su zauna ba, halin rikicin da garin yake ciki bai bar mutane suna taruwa yadda suka saba ba, kowa yana kaffa-kaffa da bakinsa. Na roƙe shi, ya ce ba zai iya doguwar tafiya ba. Sannan ya ce, “Hajiya, ko na je ba amfani. Ni baƙo ne, shiruna ba zai yi mata nauyi ba. Wanda take jiran na'am daga bakinsa shi ya kamata ya zauna ya hana ta, wato ke.” Na ce Malam, ni ce fa aka kora sau biyu. Ya ce ya sani, yana wurin a na biyun.

Na dawo raina a dagule. Washegari da hantsi na sa benci a tsakar gida, na kira Azumi, na ce ta tsaya ta faɗa mini abin da za ta faɗa wa kwamiti. Na naɗe hannu na ɗaure fuska. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan ba, har da ɗaukar doya a ka. Yarinyar da na goya, na yi wa kitso, na rarrasa ranar da ubanta ya rasu, tana tsaye tana duban idona tana neman ko ɗan “uhm”, ni kuwa na cije. Ta yi tuntuɓe, ta tsaya, ta sake farawa. Na'am ya zo mini har maƙogwaro na haɗiye shi. Can sai ta ce, “Gwaggo, me na yi miki?” Ban tanka ba. Ta juya ta shige ɗaki tana kuka, ni ma na zagaya bayan gida na yi nawa.

A nan na gane abin da ban gane ba yana da rai. Na ɗauka ɗaure fuskar nan halinsa ne, ba ta yi masa wuya. Ashe mutumin da ya fi kowa son dariya a gidanmu ne yake zama duk Lahadi yana danne ta, yana kallon mutanen da yake ƙauna suna zufa, don kada su je su yi zufar a inda ba mai kama hannunsu. Ni da na kira shi marar imani, yau ga ni a bencinsa.

Mun yi ta yi. Wata rana ta kai rabi, wata rana ta watse tun a gaisuwa. Akwai ranar da ko abincina ba ta ci ba. Har yanzu ba zan ce muku ta iya ba, kuma ban san abin da kwamitin zai yanke ba. Wataƙila ta yi magana mai kyau a tashe mu duk da haka. Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba, ƙungiyar ma da ya bari ta zama abin da ta zama. Abin da na tabbata ya rage shi ne wannan zaman mai wuya, kuma sai an sami mai yarda a ji haushinsa kafin ya ci gaba.

Jiya da safe ban kira ta ba. Ina shara sai na ga ta jawo bencin da kanta ta ajiye. Ta tsaya, ta faɗi maganarta tun daga sallama har ƙarshe, ta yi tuntuɓe a tsakiya amma ba ta nemi idona ba, ta gyara ta wuce. Da ta dire, na buɗe baki zan yi guɗa, sai ta ɗaga mini hannu.

“Gwaggo, ajiye ta sai Alhamis,” in ji ta. “Ranar ki zauna a gaba, ki yi mini wannan fuskar. In na iya da taki, tasu ba komai ba ce.”

Na ce to. Allah ya jiƙan Yaya Sulemana, ya sa ya huta. Ni kuma ku taya ni addu'a Allah ya riƙe mini bakina ranar Alhamis.