Takardar da Ban Kai Gusau Ba

Jiya ina neman takardun gona a akwati, sai na ci karo da takardar shaida da wani dattijo da muke kira Baba akanta ya rubuta mini a Ƙaura Namoda. Tawadar hatiminsa ta koɗe. Na tuna yadda yake hura wa hatimin iska, ya yi bismilla, sannan ya danna.

Lokacin jiharmu tana sabuwa, kowa na neman kwangila a Gusau. Na roƙe shi ya rubuta cewa siton hatsi uku gare ni. Sai ya hau acaɓa har Kasuwar Daji inda nake ajiye hatsi, ya gano wa idonsa.

"Guda na gani, ɗana," ya ce. "Sa hannu shaida ce, za a tambaye ni."

Da ya rubuta ya ba ni, layin farko kawai na karanta, na ga sito guda ya sa, na ninke takardar cikin fushi. Na daina gaishe shi har ya rasu.

Sai jiya na karanta layi na biyu: "Shekara goma na san shi, bai taɓa tauye mudu ba."

Baba, ka yi mini shaida, ni kuwa ko jana'izarka ban je ba. Allah Ya yafe mini, Ya sa mala'iku su yi maka shaidar da ta fi wannan.