Ƙaron da na liƙa wa injina

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, lokacin da ƙetaren iyakarmu ake ce masa Dahomey, na sayo injin yankan itace a hannun wani ɗan kasuwa na can. Ƙarami ne, na hannu, kuma ba sabo ba. Amma a duk Geza ni kaɗai ke da irinsa, don haka har tafiyata ta canza.

Wata rana abokina, wanda muka tashi tare tun muna yara, ya zo aro. Iska ta kayar da wata bishiyar maɗaci a gonar surukinsa a Lafagu, ta danne hanya. Ban so ba, amma na ba shi. Kwana biyu ya dawo da shi yana ɓata fuska.

"Injin ga naka ba shi da lafiya," in ji shi. "Da ka tashe shi sai ya yi ta tari, ya mutu."

Na ce, "Lafiya lau na ba ka shi."

Na ja igiya ya tashi, na ajiye shi a silo, wato yana aiki ba a taɓa wuta ba. Da farko sumul. Can sai ƙarar ta hau, ta sauka, ta sake hawa har sarƙar yankan ta motsa da kanta, sannan ya yi shiru. Na kalli abokina, ya kawar da kai. Wannan kawar da kan shi ne ya dasa mini zargi.

Na wanke fulogi. Na zubar da fetur ɗin na haɗa sabo da baƙin mai, ko ya sa mini kananzir. Na kakkaɓe soson iska. Babu abin da ya canza. Sai na fara ganin karce a jikin kusoshin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, karcen da mai yiwuwa tun a Dahomey yake. Na tuna surukin nasa yana da injin niƙa. Shi ke nan, na yanke hukunci: sun kwance, sun musanya mini wani abu. Ban tsaya tunanin mi zai haɗa kayan injin niƙa da nawa ba.

Ban bar maganar a cikina ba. Na faɗe ta a majalisa, ta kai masa. Ya daina biyowa ta ƙofar gidanmu. Mahaifiyata ta tambaye ni, "Ka gani da idonka?" Na ce ban gani ba, amma na sani. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar kasuwar Lolo na kai injin wurin wani dattijo Badende mai gyaran injin jirgin ruwa. Ba gyara na je nema ba, shaida na je nema.

"Baba, duba mini, an sace wani abu a ciki."

Ya karɓi injin. Ya tashe shi, ya tsuguna yana saurare. Da ƙarar ta fara rawa, sai ya murɗa murfin tanki kaɗan. Na ji iska ta shiga, fuu, nan take injin ya daidaita. Ya cire murfin ya juya shi a rana, ya kankare wani abu da farce.

"Ɗana, wa ya liƙe wanga rami?"

Ƙaro ne. Da safiyar ranar da zan ba da aron, na ga fetur na tsattsafowa ta wani ɗan rami a murfin, har ya ɓata mini riga. Na jiƙa ƙaro na toshe shi, ina yaba wa kaina dabara.

"Ta nan tanki ke shan iska," in ji dattijon. "In ka toshe, mai ba ya sauka daidai. Babu abin da aka ɗauka. Mi ya sa ka ce sata?"

Na karɓi injina na fito.

Daga kasuwa gidan abokina na wuce, da murfin a aljihu. Na tarar da shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na nuna masa ramin, na faɗi komai. Ya daɗe yana juya murfin a hannu.

"A majalisa ka faɗi waccan," ya ce. "Can za ka faɗi wagga."

Na je na faɗa. An yi mini dariya har wani ya ƙware, kuma na cancanta.

Ya yafe mini. Mun ci gaba da zumunci, mun aurar da 'ya'ya tare, ni na yi masa wanka da ya rasu. Amma a duk shekarun nan bai sake aron ko lauje a hannuna ba. In nasa ya karye, sai ya wuce ƙofata ya tafi gidan gaba, mu gaisa ya wuce. Bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Har yau in na ji zuciyata ta fara nuna wani da yatsa, wucewar nan tasa nake gani.