Shafin Sabi'u Bai Buɗe Mini Ba

Shekara biyar ke nan da muka kai Malam Sabi'u makwancinsa a Aujara, bayan jinyar kwana huɗu a Jahun. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa shirun, domin akwai maganar da na riƙe tun yana raye, kuma kullum nauyi take ƙarawa.

Sabi'u taubashina ne. Mahaifinsa, Kawu Malam, yayan mahaifiyata ne, shi ne kuma mai makarantar allo da Islamiyya ta gidanmu. Tare muka tashi, kowannenmu yana tsokanar ɗayan cewa bawansa ne. Ni daga firamare na kama ɗinki na dawo Dutse. Shi ya zauna yana koyarwa a makarantar gida, har ya kusa shekara arba'in kafin ya sayi tsohuwar kwamfuta ya ce zai koyi gina shafin intanet. Ba wanda bai yi masa dariya ba, ni ne ma kan gaba.

Bai je wata makaranta don wannan ba. Yadda ya koyi karatun allo haka ya ɗauki abin. Yakan ce a rubuta, a kai wa malam ya duba, a wanke, a sake. Shafinsa na farko sunansa ne kawai a kan farin fili, ya hau mota tun daga Aujara don ya nuna mini. Na biyu ya jera hotunan rigunan da na ɗinka, rabinsu a karkace. Duk shafin da ya gama sai ya tura wa wasu masu koyo irinsa a intanet, su fito masa da kurakurai. Na sha ganin ya karanta gyaran da ni da aka yi wa ba zan ci abinci ba ranar, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Babban aikinsa shi ne shafin makarantar gida. Burinsa uba yana gona ko yana kasuwar Jahun ya danna wayarsa ya ga inda ɗansa ya tsaya a hadda da ranar da za a koma karatu. Kawu Malam bai so ba. Da ƙyar ya yarda a nuna wa iyayen yara ranar taronsu, in ya yi a karɓa, in bai yi ba a bar maganar.

Saura mako guda ya zo shagona, ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki.

"Tela, kawo wannan gwangwanin naka," ya ce, yana nufin wayata. "Abokaina duk manyan kwamfutoci gare su. Irin wayarka ce a hannun mutanenmu. Ka buɗe, ka nemi sunan ɗanka, duk inda ka maƙale ka gaya mini."

"Yaushe bawa ya fara ba ubangidansa aiki?" na ce.

"Tun ranar da ubangidan ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Ya bar mini adireshin ya tafi sallar la'asar. Na buɗe. Sunan makaranta ya fito, kore, gwanin kyau. Amma rubutun ya zarce gefen wayar, wurin dannawar da ya ce zan gani ban gan shi ba. Na ja sama, na ja ƙasa, na kashe na kunna. Abin da zuciyata ta gaya mini shi ne laifina ne, jahilcina ne, da wanda ya yi sakandare ne da tuni ya gani. Akwai mutum biyu a shagon suna jira. Da ya dawo ya tambaye ni a gabansu, sai na ce, "Ya buɗe. Ya yi kyau ƙwarai."

"Ka ga sunan Abba?"

"Na gani."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce alhamdu lillahi. Ni da nake tela na fi kowa sanin wannan. Mutumin da ya gwada riga, wuya ya shaƙe shi, ya ce maka ta yi, ba mutunci ya yi maka ba. Rigar za ta fita da sunanka a kanta.

Ina wurin ranar taron. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar makaranta, iyaye sun cika. Sabi'u ya tashi ya yi bayani, ya ce kowa ya fito da wayarsa. Abin da ya same ni shi ya sami kowa. Wannan ya ce nasa rabi ne, wancan ya ce ina za a danna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karɓar waya yana dubawa. Can Kawu Malam ya gyara zama ya ce, "To, allon katako dai bai taɓa ƙin buɗewa ba." Aka fashe da dariya, aka shiga wata maganar. Sabi'u ya waiwayo inda nake. Na sunkuyar da kai ina gyara takalmi.

Bai tambaye ni ba, ranar ko bayanta. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ya gano matsalar, layi ɗaya ne bai rubuta ba, wanda ke gaya wa shafi ya rage jikinsa daidai faɗin waya. Har ya nema mini uzuri da kansa, ya ce wataƙila tawa wayar daban ce. Na ce wataƙila. Wannan ce ƙarya ta uku. Ya gyara shafin, amma Kawu ya riga ya rufe maganar, ba wanda ya sake buɗewa. Ya ci gaba da ƙananan ayyukansa na gwaji, yana zuwa shagona muna tsokanar juna, sai dai bai ƙara cewa in kawo gwangwanina ba. Bayan wata bakwai ya kwanta ciwo. Na je dubiya sau biyu da niyyar faɗa, na tarar da mutane, na dawo da maganata. Da na sani ƙeya ce.

Yau in ya dawo Dutse zai ga abin da zai faranta masa. Masu koyon wannan aiki sun yi yawa, maza da mata, har an ce yanzu kwamfuta da kanta take rubuta maka shafi in ka gaya mata abin da kake so. Ina jin ba zai yi mamaki da yawa ba. Tambayarsa ɗaya ce za ta kasance, wa ya duba maka, kuma da wace irin waya? Wata ɗalibar jami'a da nake yi wa mahaifinta ɗinki ta taɓa nuna mini nata aikin. Na ce mata ban gane inda zan danna ba. Ta yi godiya, ta rubuta a takarda. Abin da na kasa yi wa ɗan uwana ke nan, bai kai minti ɗaya ba.

In ya ƙarasa Aujara kuwa, zai ji abin da nake ji. Har yau in injin ban ruwa ya ƙi tashi, ko fitila ta ƙi kamawa, sai wani ya ce shafin Sabi'u ke nan. Ba da mugunta suke faɗa ba, wasu ma ba su san asalin maganar ba. An faɗa a gabana ya fi a ƙirga, har murmushi nakan yi don kada a ga fuskata ta canja.

Na tambayi wani malami hukuncin haƙƙin mamaci. Ya ce in yawaita masa addu'a da sadaka, in kuma gyara abin da zai gyaru. Shafin kansa ya daɗe da ɓacewa daga intanet, kwamfutar tana cikin akwati a ɗakin iyalinsa. Abin da ya rage na Sabi'u a wurina shi ne mutum mai gemu, malamin da ake durƙusa wa, wanda bai ji kunyar miƙa aikinsa ga tela ya ce nuna mini kuskurena ba. Abin da ya rage nasa a bakin mutane kuwa sunan abin da ba ya aiki ne, kuma ni na jawo masa.

A bainar jama'a ya ji kunya, don haka a bainar jama'a zan faɗa. Kawu Malam, Allah Ya ƙara maka lafiya, na san za a karanta maka wannan. Mutanen Aujara da kuka zauna a tabarmin nan, Sabi'u bai kawo muku aiki da ka ba. Ya kai allonsa a duba masa kamar yadda aka koya mana, ni ne wanda ya duba. Shafin bai buɗe mini ba, na ce ya buɗe. In za ku ci gaba da yi wa abin da ya ƙi aiki suna, ku sa nawa. Sunana Haladu.