Malam Mikail, Mai Fentin da Ba a Gani

Shekara da shekaru, kullum idan aka idar da sallar asuba a masallacin layinsu da ke Gwammaja, Malam Mikail ba ya komawa ya kishingiɗa. Koko da ƙosai uku ne karin kumallonsa, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Ƙofar Kabuga, inda yake da wani fili da aka kewaye da langa-langa. Baƙo in ya leƙa filin nan sai ya yi dariya. Jiragen ruwa ne a kife a kan tayoyi, a unguwar da babban ruwanta bai wuce kududdufi ba. Abokansa na majalisa har Sarkin Ruwan Tudu suke ce masa. Shi dai murmushi zai yi, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya ɗauki samfefa ya hau guga.

Da gyaran tankin ruwa na faiba, wato robar nan mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi, ya fara sana'a. Da jiragen faiba suka fara yawa a madatsun ruwan da ke kewaye da Kano, sai masu su suka riƙa ɗoro su a mota suna kawo masa. Shekara talatin da ɗoriya yana shafa fenti a ƙasan jirgi, wajen da ke nutse cikin ruwa, wanda in ba kifi ba babu mai ganinsa. Bana ƙirjinsa ya gaza, likita ya hana shi shaƙar ƙurar faiba, ya rufe filin. Abin da ya sa ke nan ya kamata a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Bai taɓa buɗe gwangwani ba sai ya yi wa mai jirgi tambayoyi. A wane ruwa yake zama? Yana kwana a ciki ko ana fitar da shi? Mutane na shan ruwan? Jirgin da ke zaune a ruwa gansakuka da dodon koɗi suke liƙe masa har ya yi nauyi, injin na kuka jirgin na jan ciki. Fentin mota ba ya hana wannan. Akwai fenti na musamman mai zubar da kansa a hankali, yana tafiya da duk abin da ya liƙe masa, kuma a cikinsa ma na teku daban, na ruwan daɗi daban. Mutane da yawa sun yi fushi da tambayoyin nan, suna ganin iyayi ne.

Wanda ya fi kowa fushi shi ne Alhaji Bashir, shugaban ƙungiyar wani ƙauye da ake kira Tsallaken Rimi, can bayan wata madatsa. Da damina ta kankama hanyar ƙauyen takan yanke, ba mota ba babur. Jirgin faiba guda ɗaya ne ke haɗa su da asibiti, kuma da shi Malama Hasana, ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen, take tsallakar da matan da haihuwa ta zo musu da gardama. Lokacin da jirgin yake sabo, tafiyar minti ashirin yake yi. Gansakuka ta mayar da ita kusan awa guda.

Shekara shida ke nan da abin. Sai da bazara ta yi nisa suka kawo shi. Alhaji Bashir ya sauke gwangwanayen fentin mota, ya ɗora kwalbar maganin feshi a kai.

"Malam, ka gauraya wannan a ciki, ba ciyawar da za ta kama shi. Mako guda muke so."

Malam Mikail ya dubi kwalbar, ya dubi Alhaji. "Ruwan da jirgin nan ke kwana, ba shi kuke sha ba?"

"Shi ne."

"To mayar da kwalbarka aljihu, Alhaji. Ni ba zan zuba wa jikokinka guba a randa ba."

Ba wannan ce kaɗai matsalar ba. Da ya kankare gansakukar, sai ga ƙasan jirgin duk ya yi bororo. Ya sa wuƙa ya fasa ɗaya, wani ruwa mai tsami ya tsarto. Ruwa ya riga ya shige jikin faibar. Ya ce sai an fasa su duka, an wanke, an bar jirgin ya bushe ƙarau kafin fenti ya hau.

"Kwana nawa?"

"Jirgin ne zai faɗa, ba ni ba."

Alhaji ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Malam Mikail bai ce masa komai ba sai, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji. Da tun rani kuka kawo shi."

Yana da hanyar tambayar jirgi ko ya bushe. Da la'asar sai ya yanko farar leda, ya liƙa a jikin faibar da salatif ta kowane gefe. Washegari ya ɗaga. In ya ga raɓa a ƙarƙashinta, da sauran ruwa. Ya yaye rufin rumfarsa don rana ta bugi jirgin, shi ma ta buge shi. Mako biyu, leda da raɓa. Mako huɗu, da raɓa. Hadari kuwa ya fara haɗowa daga gabas.

A mako na biyar Malama Hasana ta zo da kanta. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mata goma sha ɗaya nake da su da za su haihu cikin daminar nan. Don Allah ko yaya ne ka shafa mu tafi."

Ya ɗaga ledar ya nuna mata. "'Yata, kin ga wannan? In na rufe ruwan nan da fenti, tsakiyar Agusta zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa, bororon ya dawo ya ci jikin jirgin. Lokacin babu hanyar da za ku kawo mini shi. Gara ki rasa shi mako biyu yanzu da ki rasa shi ranar da ba ki da wani."

Ta tafi idonta da ƙwalla. Bayan kwana huɗu aka yi ruwan farko mai ƙarfi, hanyar Tsallaken Rimi ta yanke kwana uku. Iyalinsa sun shaida cewa kwana ukun nan tuwo bai wuce masa maƙogwaro ba. Bini-bini sai ya buga wa Hasana waya, tambayarsa ɗaya: "Ba wadda ta fara naƙuda?" Allah ya tsare, ba wadda ta fara. Amma ko a ranakun nan, da hankalinsa a tashe, bai taɓa gwangwanin ba.

Kai ne wannan, Malam Mikail. Ana zaginka a ƙauye, ana yi maka dariya a birni, tsoro na cin ranka, amma ka ƙi yi wa jirgi ƙarya. Dutse a gindin ruwa, ba ka bin igiyar ruwa.

Ranar kwana arba'in da ɗaya ledar ta fito a bushe. Ya cike ramukan, ya goge, ya shimfiɗa fentin da ke tare ruwa hawa huɗu, kowanne sai na ƙasansa ya kama. Sannan ya kawo na gansakuka, irin na ruwan daɗi wanda ya zaɓa saboda masu sha da masunta, ya yi hawa biyu, ya ƙara na uku a daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Da sassafe yake shafawa, kafin rana ta yi zafi. Alhaji Bashir ya zo ya ɗauki jirginsa ko sallama mai kyau bai yi ba.

Ƙarshen Agusta, ana tsaka da ruwa, wata yarinya mai haihuwar fari ta ɓalle da jini da hantsi. Hasana ta sa ta a jirgi. Minti ashirin da biyu suka yi a kan ruwa. A asibiti aka ce wa Hasana da sun ƙara rabin awa, da gawa suka kawo. Yarinyar nan Sa'adiyya ce, 'yar autar Alhaji Bashir.

Ana gobe suna, sai ga Alhaji a Gwammaja yana tambayar gidan mai fentin jirgi. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Malam, na so a ce namiji ne in sa masa sunanka. To mace aka samu. Yaya sunan mahaifiyarka?"

Tsohuwar ta shekara ashirin a ƙasa, kuma Malam Mikail bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba. Sai ya leƙa cikin gida ya kira matarsa, ita ta faɗa daga bayan labule: Fanna.

Mun gode, Baban Gwammaja. Allah ya ba ƙirjinka lafiya, ya saka maka da abin da ya fi yabonmu. Ku kuma masu sana'a, magini da tela da bakanike, kowannenku yana da wajen da mai kaya ba zai taɓa dubawa ba. Ku gyara shi kamar yadda bawan Allahn nan ya gyara nasa. Yanzu haka a Tsallaken Rimi akwai wata yarinya 'yar shekara shida, ita kaɗai ke amsa sunan Fanna a duk ƙauyen, kuma uwarta ce ke yi mata kitso.