Baba ya ƙi yarda da "jirgin farauta"

"Tsaya. Mi kac ce sunan jirgin?"

Baba ne ya katse ni jiya a Dumega. Tun da idonsa ya tafi, duk Lahadi nakan taso daga Dogon Dutsi in karanta masa wani littafin Faransanci na jiragen yaƙin Rasha da na ƙasashen Larabawa, ina juyawa Hausa. Shi kaɗai ne abin da ke sa shi ya tashi zaune.

Mun iso kan wani jirgi mai suna MiG, an rubuta "avion de chasse". Na ce, "Jirgin farauta, Baba."

Baba tsohon maharbi ne. Ya ce, "Mi shika kamowa? Zabbi?"

"Wasu jiragen yake harbowa."

"Ana cin namansu?"

"A'a."

"To, wanga ba farauta ba ce, kada ka ɓata muna suna. Rufe littahin. Ran da ka samo sunan gaskiya ka dawo."

Na ce jirgin yaƙi. Ya ce ai mai jefa bam ma na yaƙi ne, kuma ni na gaya masa sun bambanta.

Faransancina na kwaleji ne, kullum ina shakkar fassarata. Amma ba zan bar kalma ɗaya ta mayar da Baba kwance ba. Lahadi zan koma Dumega da suna a bakina.

'Yan'uwa masu son jirage, jirgin da aikinsa kakkaɓo ɗan'uwansa daga sama, me za ku kira shi wanda maharbi zai yarda?